Malam Haliru, Mai Shigo da Rana Cikin Aji

Duk wanda ya saba yin sallar asuba a sahu ɗaya da Malam Haliru Uzairu a cikin garin Rano ya san halinsa. Da an shafa addu'a, kafin kowa ya lalubo takalminsa, shi har ya fita ya ɗaga kai yana duban gabas. In ya ga gari zai washe, sai ya kama hanyar gida da sassarfa, yana amsa gaisuwa a tafe. In kuwa hadari ne ya haɗo, sai ya tsaya yana jan gemu, yana lissafin ƙarfe nawa rana za ta leƙo, kamar wanda ya yi alkawari da baƙo a tasha.

A gida matarsa Lubabatu ta riga ta dama koko. A tsaye yake sha.

"Malam, kujerar nan fa ba ta cizo," in ji ta.

"Yanzu-yanzu zan zauna," in ji shi, alhali hannunsa ɗaya yana kan igiyar da zai ɗaure akwati a bayan babur.

Akwatin na katako ne, kafinta ya yi masa shi tun yana sabon malami. A ciki akwai madubai shimfiɗaɗɗu guda shida, kowanne an naɗe shi da tsohon zane, da madubi ɗaya mai kwarmi irin wanda ake duba fuska ta ƙara girma, da madubin babur da ya cire daga wani mataccen mashin, da cokula goma sha biyu masu sheƙi, da ma'aunin kusurwa, da ƴan dabino a leda. Da wannan kaya yake bin hanyar Kibiya kullum zuwa makarantar ƴan mata ta jeka-ka-dawo inda yake koyar da Fiziks. Inda hanya ta yi ramuka sai ya miƙa hannun hagu baya ya dafe akwatin, yana tuƙi da ɗaya. Ƴan acaɓa sun san shi daga nesa. Ɗalibai kuwa suna da sunan da suke kiransa a bayan idonsa: Malam Yanzu-yanzu. Ya sani, kuma bai taɓa samun lokacin jin haushi ba.

Shekara talatin da biyar ke nan yana wannan zirga-zirga, daga makarantun gefen Rurum inda ya fara, zuwa wannan da ya ƙare a cikinta. A watan da ya gabata takardarsa ta ritaya ta fito. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi wane ne shi tun yana ji da kunnensa.

Da bakinsa yake ba da labarin abin da ya mai da shi haka. Ya ce shi hadda ya yi ya ci jarrabawar sakandare. Yana iya zana madubi da layukan haske a takarda ido rufe. Da ya shiga kwalejin horon malamai, ranar farko a ɗakin gwaji aka ajiye masa madubi na gaske da farar takarda aka ce ya nuna abin da ya zana. Ya tsaya yana juya madubin a hannu, bai san ta inda zai fara ba, ƴan ajin suna jiransa. Ya ce har yau in ya tuna sai ya ji zufa ta karyo masa. Tun daga ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari: babu yaron da zai fita daga hannunsa da zanen abin da bai taɓa gani da idonsa ba.

Makarantar tasu tana da ɗaki da aka rubuta ɗakin gwaje-gwaje a ƙofarsa, amma karyayyun kujeru ne a ciki. Wuta ba ta zuwa. Fitilar da Malam yake da ita guda ɗaya ce, ita ce ta Allah, kuma ba ta jiran kowa. Shi ya sa yake shiga aji kamar an biyo shi.

"Ku rufe tagogi! Ku bar tsagi ɗaya. Ke, ɗauki madubin nan ki fita ki taro mana rana. Yanzu-yanzu, kafin ta juya!"

Ajin ya yi duhu. Yarinyar da ke waje ta karkata madubi, haske ya shigo ta tsagin. Sai Malam ya kaɗa tsumman goge allo, ƙurar alli ta tashi, sai ga sandar haske ɓaro-ɓaro ta ratsa ɗakin. Ya kwantar da wani madubin a kan tebur, sandar ta sauka a kansa ta tashi ta ɗaya gefen. Ya kafa rula a tsaye daidai inda ta sauka, ya kira wata ta auna.

"Talatin da biyar, Malam."

"Ɗaya gefen fa?"

"Talatin da biyar."

"To na sauya masa mazauni. Sake aunawa."

"Hamsin. Can ma hamsin."

"Wa ya faɗa miki? Littafi?"

"A'a Malam, ni na auna."

"To rubuta. Wannan naki ne."

Wata rana ya jingina madubai biyu su haɗa kusurwa kamar lungun ɗaki, ya ajiye dabino ɗaya a tsakani, ya zama huɗu. Ya matso da su, ya zama shida. "Wadda ta faɗa mini dalili, ita za ta cinye na gaskiyar," in ji shi. Wata rana kuma ya raba cokula. A cikin cokali kowace ta ga kanta a juye, kai a ƙasa. A bayansa ta ga kanta a tsaye, ƴar ƙarama, da rabin ajin a bayanta, kamar yadda madubin babur ke kwaso duk faɗin titi. Amma abin da tsofaffin ɗalibansa ba sa mantawa shi ne ranar madubi mai kwarmi. Yakan buɗe taga ɗaya, ya fuskantar da madubin wajen, ya riƙe farar takarda yana matso da ita yana ja da ita baya, har darbejiyar da ke tsakar makaranta ta bayyana a jikin takardar, a kife, ganyenta yana kaɗawa. Ajin yakan ɗauki salati gaba ɗaya. Shi kuwa ba ya ko murmushi. Agogonsa yake kallo, saura minti bakwai, ga sauran abu biyu da bai nuna ba.

Ba kowa ne ya ga karatu a wannan ba. Akwai wata ɗaliba ƴar aji biyar daga Tarai, Rahma, wadda abin ya shiga ranta sosai. Wata Talata da hantsi mahaifinta, Shitu mai haƙar rijiya, ya iso makarantar, jan laka bai gama bushewa a ƙafarsa ba. Ya tarar da Malam a ƙofar aji, rungume da akwati.

"Malam, kai ne mai raba wa ƴan mata madubi?"

"Ni ne. Sannu da zuwa."

"Ni ne uban Rahma. Na turo yarinya ta koyo abin da zai amfane ta, ta koma gida tana haske wa kaji ido da madubin uwarta. Shekaranjiya saura kaɗan ta sa mana wuta a harawa da wannan madubin naku mai ƙona takarda. In kwalliya ce, uwarta ta isa ta koya mata. Daga Litinin a mai da ita ajin da ake karatu da littafi."

Malam Haliru ya ji maganar har cikin ƙirjinsa, domin a duk ajin babu mai kan Rahma. Ya san in ya tsaya bayani, bayanin ba zai shiga ba. Ga kuma wani baƙin hadari yana tasowa daga gabas.

"Batun harawa laifina ne, ban ja mata kunne yadda ya kamata ba," in ji shi. "Amma Malam Shitu, ka ba ni minti goma. Shigo daga ciki."

Ya ajiye bokiti a ƙasa can ƙuryar ajin, inda babu haske. Ya tambaye shi a gaban yaran, in rijiya ta yi zurfi da me suke duba gindinta.

"Da madubi mana," in ji Shitu. "Tun kakana haka ake yi."

Malam ya miƙa masa madubi. Shitu ya je bakin ƙofa inda rana ta faɗo, ya ɗan karkata hannu sau ɗaya, ba tare da ya yi wani tunani ba, sai ga haske tar a cikin bokitin. Malam ya ce ya tsaya a haka kada ya motsa. Ya sa yara biyu suka ja zare daga madubin zuwa bokiti, suka daidaita wani da sandar hasken da ta shigo, suka auna. Kusurwa biyun suka zo daidai.

"Abin da hannun babanku ya yi yanzu, shi ne abin da muke ta fama da shi sati biyu," Malam ya ce wa ajin. "Ku buɗe littafi ku gani."

Shitu ya leƙa zanen da ke littafin ƴarsa, ya daɗe yana kallo.

"Wato abin namu yana cikin littafi?"

"Yana ciki. Sunanku ne kawai ba su sa ba."

Shitu ya mayar wa Rahma littafinta. Ya ajiye madubin a hankali ya fita, yayyafi ya fara sauka. Kwana shida Malam Haliru bai san matsayin da ake ciki ba. Lubabatu ta ce a kwanakin nan har shara ya riƙa karɓa daga hannunta don ya rasa abin yi. Ranar Litinin ya shiga aji, ga Rahma a kujerarta ta gaba.

Abin da ya sa mutanen Tarai ba za su manta da shi ba ya faru ne a bazarar da ta biyo baya, wata Alhamis bayan la'asar. An kira Shitu ya yashe wata tsohuwar rijiya mai gaba goma a wani gida. Yana ciki gefenta ya zabtare, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Ana jin muryarsa sama-sama, amma ba a ganinsa. Rijiyar tana tsakanin doguwar katanga da bishiyar mangwaro, rana ta riga ta bar tsakar gidan. An zura tocila da igiya, sai juyi take yi, ƙurar da ta tashi ta cinye haskenta. Abokin aikinsa, Alu, ya ɗaura igiya a ƙugu yana kuka, amma dattawa suka riƙe shi. In bai ga wane gefe ne ya tsage ba, ƙafarsa za ta iya ƙarasa rufta sauran a kan su biyun.

Malam yana kan hanyar komawa Rano wayarsa ta yi ƙara. Muryar Rahma ce.

"Malam, Baba ne. Rijiya ta rufta masa. Madubi ɗaya na samu, ina bukatar na biyu babba."

Ya juya babur a tsakiyar titi. Ya ce bai san yadda ya isa ba.

Da ya shiga gidan ya tarar yarinyar ta riga ta sa maza biyu sun hau soron maƙwabta da madubin shagon aski, inda rana take har yanzu, sun jefo haskenta zuwa bakin rijiyar. Na akwatinsa sun yi ƙanana. Wata amarya a maƙwabta ta ce a ɓalle na jikin sif ɗinta, aka ɓalle aka kawo. Wani ya ce a ɗauko mai kwarmin nan, ai shi ya fi ƙarfi tunda har takarda yake ƙonawa.

"A'a," in ji Rahma. "Shi a kusa yake tara haske, kamu biyu, daga nan sai ya watse. Shimfiɗaɗɗe muke so."

Malam ya buɗe baki zai ba da umarni, sai ya ga babu abin da zai gyara. Abu ɗaya ya rage: wanda zai tsaya a bakin rijiya ya riƙe madubi na biyu a karkace, ya karɓi hasken soro ya tura shi ƙasa. Ya cire babbar riga, ya kafa ƙafa a kan itacen da aka gitta a bakin rijiyar, ya ɗaga madubin. Hasken ya bugi bangon rijiyar. Ya sunkuyar da shi kaɗan, ya zame ƙasa, ya ƙara kaɗan, sai ga kan Shitu fari fat da ƙasa, ga hannunsa ɗaya a waje, ga wata doguwar tsaga a bangon gabas.

"Ta yamma za ka bi!" dattawa suka ce wa Alu. Ya sauka.

Waɗanda suke wurin sun ce an fi minti arba'in. Alu yana tona da hannu da ƴar ƙwarya, ana jan ƙasa da guga. Rana tana yin ƙasa, hasken yana gocewa, Rahma tana tsakar gida tana ɗaga murya ga na kan soro: "Ku ɗan ɗaga gefen dama. Ya isa. Ku tsaya a nan." Shi kuwa mutumin da bai taɓa iya tsayuwar minti biyu wuri ɗaya ba, ya tsaya kamar an dasa shi. Zufa tana shiga idonsa, bai da hannun sharewa. Kafaɗunsa suka fara zafi, daga baya ya daina jin su. Ya ce abin da yake faɗa wa kansa kawai shi ne, in hannunsa ya motsa faɗin yatsa a sama, a ƙasa haske zai bar mutum biyu cikin duhu.

An zaro Shitu rana tana gab da faɗawa bayan bishiyoyi. Ƙafarsa ɗaya ta karye, amma da ransa. Da aka shimfiɗe shi aka ba shi ruwa, ya dubi jama'a ya ce, "Da na ga hasken nan ya sauko, na ɗauka zuwa aka yi tafiya da ni. Har na fara shahada." Mutane suna dariya suna share hawaye. Sai da aka ɓamɓare madubin daga hannun Malam, don yatsunsa sun ƙi buɗewa. Ranar wani ne ya tuƙa shi zuwa gida. In aka tayar da zancen yanzu, cewa yake, "Ni maƙali kawai na zama. Yarinyar ce ta yi aikin."

Malam, mu dai mun san wa ya koya mata. Kai ne ka ƙi yarda ɗiyar mai haƙar rijiya ta haddace abin da za ta iya aunawa. Kai ne ka tsayar da ubanta a gaban aji ka nuna wa yara cewa ilimin da suke nema yana da dangi a gidajensu. Ɗan Uzairu, ruwan gangare, ba a ce maka tsaya. Ba a taɓa kiranka taro a birni an ba ka lambar yabo ba, kuma da an kira ka da wuya ka zauna har a zo kan sunanka.

Ba zato nake yi ba, mun gani a walimar da makarantar ta shirya masa a ƙarshen watan Satumba. An kafa rumfa, iyaye sun zo, tsofaffin ɗalibai sun zo, wasu da goyo, wasu da kayan aikin asibiti. Aka zaunar da shi a kujerar tsakiya cikin sabuwar shadda. Sati biyu ke nan kullum gari a lumshe, sababbin ƴan aji huɗu ba su ga ko gwaji ɗaya ba, abin yana cinsa. Shugabar makarantar, Malama Halima Sadiya, tana tsakiyar jawabi, gajimare ya yaye. Ta juyo za ta miƙa masa kyautarsa, kujera babu kowa.

A aji huɗu aka same shi, tagogi a rufe, hannun shaddar a naɗe, duk ta yi fari da alli. Manyan baƙi suka biyo, suka taru a jikin taga suna leƙe ta tsagin. Daga ciki aka ji muryarsa:

"Don Allah wane ne a tagar nan? Ku matsa, kun tare mini haske!"

Suka matsa. Suka tsaya a rana har ya gama.

Ga inda abin yake da ɗaci. Har yau ba a turo wanda zai maye gurbinsa ba. Ƴan aji shida za su zauna jarrabawar fita nan da wata bakwai, har da ta gwaji da hannu. Washegarin walimar ya koma wurin Malama Halima Sadiya ya roƙi ta bar shi ya riƙa zuwa koyarwa kyauta Litinin da Laraba. Ta ce masa, "Malam, kunya nake ji in ce maka eh, kuma ba ni da bakin cewa a'a." Gwiwoyinsa sun fara ciwo. A daminar nan sau biyu babur yana kayar da shi a laka. Lubabatu ba ta hana shi, ta san ba zai hanu ba, amma da yamma takan tsaya a zaure har sai ta ji ƙarar mashin ɗinsa ya shawo kwana.

Mun gode, Malam Haliru. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiyar gwiwa da ta ido, Ya haskaka maka kamar yadda ka haskaka wa ƴaƴan mutane. Amma godiyar baki ba za ta sauke masa kaya ba. Rano da Kibiya sun haifi masu digiri a kimiyya da yawa, wasu daga hannunsa suka fito. Wanda yake koyarwa ya daina jiran ranar da za a gina masa ɗakin gwaji, ya duba abin da ke kicin ɗin gidansu. Wanda yake zaune yana jiran aiki, ga aji nan a buɗe. Masu iko da tura malamai kuma, wannan dattijo ya yi nasa har ya ɗora.

Da na faɗa masa zan rubuta wannan, yana tsugune yana duba iskar tayar baya. Ya ce ba ya son yabo, ɓata takarda ne. Har na juya zan tafi sai ya kira ni.

"Malaman kimiyya suna karanta abin da kake rubutawa?"

Na ce wasu suna karantawa.

"To ka rubuta cewa yara talatin da takwas ne, kuma suna da ƙoƙari. Ka rubuta cewa hanyar ba ta da muni in ba a yi ruwa ba."

Ga shi na rubuta, Malam.